Awarwaron Inna a Ofishin Jingina

Da Inna ta rasu, awarwaron zinare huɗu ta bar wa 'ya'yanta mata biyu. Auta ta ce a bar su wurin Yaya, tunda ita ce babba.

Yaya tela ce. Kekenta ya tsufa, yana yawan tsinka zare, masu kawo ɗinki sun fara komawa shagon da ke kallon nata. Sai ta ji labarin ofishin jingina na Musulunci: ka ajiye zinarenka, a ba ka rance ba ruwa, kuɗin ajiya kawai za ka biya. Ta kai awarwaron ba tare da ta gaya wa Auta ba. Ma'aikacin ofishin ya auna su, ya ba ta rancen, ya rubuta mata wa'adin wata shida, ta je ta sayi keken lantarki.

Aiki ya buɗe, har maƙwabcinta mai gyaran takalmi yana tsokanarta wai ƙarar keken ta hana shi gyangyaɗi. A wata na huɗu mijinta ya faɗo daga tsani a wurin gini, ya karye a ƙugu. Shago ya zauna a rufe, ita tana jinya. Abin da ta tara don fansa ya tafi a magani, daga baya keken ma ya bi.

Sau biyu ofishin yana ƙara mata wa'adi. Ranar da aka kira ta, ta ɗauka faɗa za a yi mata. Ma'aikacin ya ba ta kujera, ya ce an sayar da awarwaron, an cire bashin, ga ragowar a ambulan, haƙƙinta ne. Har ta so a ce ya cuce ta, ko ta sami wanda za ta yi fushi da shi. Ta tambayi wanda ya saya. Ya ce maƙerin zinare ne, kuma yawanci narkarwa suke yi.

Daga nan gidan Auta ta wuce. Ta same ta tana wanki, ta ajiye ambulan a kan benci, ta faɗi komai daga tsaye.

Auta ta daɗe hannuwanta na cikin kumfa.

"Yaya, da kin tambaye ni, ai cewa zan yi ki kai," in ji ta. "Amma da kin bari na riƙe su ko sau ɗaya kafin su tafi."

Ba ta ko kalli kuɗin ba. Yaya ta tsuguna, ta jawo bokitin ɗauraya, ta fara matse kayan yaran Auta. Auta ba ta hana ta ba.