Ƙunzugun Totuwa

A Kabo, a unguwar da ke bayan kasuwa, akwai wani gida mai zaure ɗaya da ɗakuna biyu, mutum uku ke zaune a cikinsa. Akwai Malam Ja'afaru, wanda ya gaji ɗinkin katifar auduga daga mahaifinsa. Akwai mahaifiyarsa, Inna Sa'adiya, wadda ɓarin jikinta na dama ya shanye. Sai 'yarsa Zinnira, mai shekara goma sha ɗaya, wadda uwarta ta rasu tun tana ƙarama.

Abin da suka rasa ba ɓoyayye ba ne. Malam Ja'afaru ya rasa kasuwa, domin tun da katifar soso ta cika gari ba mai kawo masa aiki sai gyaran matashi. Inna ta rasa ƙafar zuwa bayan gida, ta kuma rasa ikon riƙe fitsari. Gidan kuwa ya rasa babbar mace, don haka ɗora tukunya da juya marar lafiya da wankin tsumma duk suka dawo kan Zinnira. Kullum igiyar tsakar gida cike take da tsummokara, hannun yarinyar kuma ya tsattsage saboda sabulu.

Duk da haka Zinnira tana son ɗakin Inna. Tsohuwar bakinta ya karkace, amma bai hana ta tsokana ba.

"Ƙawata, wannan kunun naki ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha," in ji ta.

"To ki bari mana, in kai wa akuyar."

"Miƙo nan, mai baƙin hali."

Wata rana Malam Ja'afaru ya je Gwarzo, ya ga famfas na manya, wato ƙunzugun kanti, a kantin magani. Ya san ba zai iya sayensa kullum ba, sai ya sayi guda ɗaya. Da ya dawo ya zauna a zaure, ya farke shi da reza, ya daɗe yana jujjuyawa.

"Zinnira, zo ki gani. Wannan ba saƙa ba ce. Auduga ce aka shimfiɗa aka danne ta da zafi har ta kama juna. Ai wannan aikinmu ne."

Gaskiyar magana, tausayin uwarsa ne ya sa shi farawa. Ya tattara ragowar auduga, ya daka totuwar kara ya tankaɗe, ya haɗa su da ruwan sitacin rogo, ya danne tsakanin faifan ƙarfe biyu da ya ɗora a kan gawayi. A ƙasa ya shimfiɗa audugar rimi, domin ita ba ta shan ruwa, sai ta tare shi. Ya ɓata da yawa kafin ya dace. Wanda ya yi kyau yakan riƙe daga asuba zuwa azahar, a cire a binne, a sa sabo. Igiyar tsakar gida ta huta, hannun Zinnira ya warke, maƙwabta mata suka dawo zaman hira a ɗakin Inna saboda zarnin ya tafi.

Ana nan sai Barista Mahbub, ɗan unguwar da ke aikin lauya a Kano, ya zo gida ɗaurin aure. Malam Ja'afaru ya ja shi zaure ya nuna masa. Zinnira ce ta kawo ruwa, don haka ta ji abin da aka ce.

"Malam, ka san abin da ke hannunka kuwa?" in ji Barista. "Irin wannan ana yi masa rajista. In aka rubuta sunanka a kai, ba wanda zai ƙera shi ya sayar sai da izininka. Amma akwai sharaɗi. Dole ya zama ba a riga an san shi ba. In wata ta gani ta kwaikwaya, ko wani ya ɗauki hoto ya sa a waya kafin mu shigar da takardu, ya zama na kowa. Wa ya gani?"

"Daga ni sai yarinyar nan, sai mai sawa."

"To ya tsaya haka. Yana riƙewa har yaushe?"

Zinnira ta buɗe baki za ta ce azahar, sai babanta ya riga ta.

"Daga asuba har magariba."

"In haka ne na kanti ma ba su kama ƙafarsa ba. Zan dawo ranar Asabar in gani da idona."

Daga ranar aka rufe ƙofar cikin gida. Duk matar da ta yi sallama, sai a ce Inna tana barci. Goggo Adawiyya, ƙanwar Malam Ja'afaru, ta taso daga Durun da furarta a ƙwarya, aka tsayar da ita a zaure aka ce an hana Inna yawan magana. Ta bar furar ta koma tana mita.

Ranar Asabar da asuba Zinnira ta ɗaura wa Inna sabo. Babanta yana tsaye bayan labule.

"Kada ki taɓa shi sai Barista ya zo. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

Kafin azahar ya jiƙe har ya fara ratsa zani. Inna sai mutsu-mutsu take yi da ɓarin da ke motsi. Da aka kira salla ta dubi buta, ta dubi jikinta, ta juya fuska bango. Zinnira ta jira har babanta ya fita masallaci. Ta ɗauko sabo daga buhun da ke zaure, ta wanke Inna, ta canza mata, ta binne jiƙaƙƙen a bayan turken akuya. Inna ta yi sallarta a kwance.

Da magariba Barista ya iso. Zinnira ta fito da ƙunzugun a cikin roba ta ajiye a gabansu. Ya ɗora farar takarda a kai ya danna, ya ɗaga, takardar ba ta jiƙe ba.

"Ikon Allah. Yini guda ke nan?"

"Ka gani da idonka," in ji Malam Ja'afaru.

"To zan fara rubutu da zane. Zai ɗauki makonni. Kai kuma ka ci gaba da gwaji kullum, domin masu kamfanin da zan kai wa za su tambaya."

Bayan ya tafi Zinnira ta durƙusa a gaban babanta.

"Baba, ni na canza shi da azahar. Na farkon ya jiƙe."

Malam Ja'afaru bai daka mata tsawa ba, bai ɗaga hannu ba. Ya daɗe yana kallon robar.

"Wa kika faɗa wa?"

"Kai kaɗai."

"To ya tsaya a nan. Na riga na ce magariba a gaban mutum. Sai ya kai magariba."

Washegari ya kwashe buhun ya kulle a ɗakinsa. Kowace asuba yakan miƙo guda ɗaya, ya dangwala masa shuni da babban yatsa don ya gane shi. Kowace magariba yakan karɓa, ya duba alamar, ya matsa, ya koma zaure ya ƙara totuwa ko ya rage sitaci. Wani ya kai bayan azahar kaɗan, wani ya kusa la'asar. Babu wanda ya kai magariba. Sauran yinin Inna a cikin jiƙa take kwance.

Zinnira ce ta fara ganin wurin. A ƙasan bayan Inna, inda ƙashi ke taɓa katifa, fata ta yi ja. Daga baya ta yi duhu, sannan ta buɗe. Zaren auduga yakan manne a ciki, in ta zo cirewa Inna ta cije gefen mayafi.

"Baba, Inna ta yi gyambo. Bari in kira Sista Keziya."

Sista Keziya nas ce, 'yar kudancin Kaduna, tana aiki a asibiti a Gwarzo amma a layin bayansu take haya. Duk unguwar ita ake bugawa ƙofa.

"In ta zo, me za ta fara ɗagawa?" in ji shi.

"Zani."

"Me za ta gani?"

"Sai mu cire, mu sa tsumma kafin ta zo."

"In ta ce za ta riƙa zuwa kullum fa? Ko ta ce a kwantar da ita a Gwarzo? Wa zan gwada a kansa? Ke ba ki san wahalar da na sha ba. Wannan abin in ya fito, Inna ce za ta fara cin moriyarsa. Asibitin kuɗi zan kai ta a Kano."

"To ka zo ka gani."

Bai so ba, amma ta riƙe labulen a ɗage ta ƙi saki. Ta juya Inna a hankali ta rufe mata ko'ina sai wurin. Malam Ja'afaru ya leƙo. Zinnira ta ga idonsa ya sauka a kan gyambon, ta ga ya runtse shi ya ja da baya. Da yamma ya kawo mata farar hoda da turaren wuta, ya ce ta barbaɗa ɗaya ta kunna ɗaya.

Da abin ya ishe ta, wata rana ta yage gefen zaninta don ta cusa tsakanin fatar Inna da jiƙaƙƙen ƙunzugun. Sai hannun Inna na hagu ya kama wuyan hannunta.

"Bar shi, ƙawata."

"Inna, yana cin ki."

"Na sani, ai jikina ne. Aikin yaron nan ne, kada ki ɓata masa." Inna ba ta taɓa kiran sunan Malam Ja'afaru ba, domin ɗan fari ne. "Tun da ubansa ya mutu ban ga ya yi tafiya da kai a sama ba sai yanzu."

"Ai kin daina tsokanata ma."

"Kununki ne ya gyaru, na rasa abin faɗa."

Zinnira ta yi dariya don Inna ta ji daɗi, ta fita bayan ɗaki ta share hawaye.

Jikin Inna ya fara zafi, ta rage cin abinci, turaren wuta ya daina rufe warin. A cikin wannan hali ne wata safiya wayar Malam Ja'afaru ta yi ƙara. Zinnira ta ji shi a zaure yana ta hamdala. Ya shigo fuskarsa a washe.

"An shigar da takardu. Barista ya ce yanzu ko duniya ce ta gani ba komai. Buɗe ƙofar nan, je ki kira Sista."

Zinnira ta tafi da gudu ba takalmi. Kafin su dawo labari ya zaga cewa an buɗe gidan, mata sun taru a tsakar gida, har an aika wa Goggo Adawiyya ta hau babur ta taho.

Sista Keziya ta gaishe da Inna, ta sa safar hannu, ta juya ta. Ta duba wurin sosai. Sannan ta fito bakin ƙofa inda Malam Ja'afaru ke tsaye.

"Malam, wannan ya kusa kai ƙashi. Ba ciwon jiya ba ne. Ina nan bayanku, me ya hana a kira ni?"

Malam Ja'afaru ya gyara hularsa.

"Sista, kin san namiji ba ya duba jikin mahaifiyarsa. Yarinyar nan ce ke kula da ita. Kullum ina tambaya, tana ce mini lafiya lau. Sai yau na ji."

Duk idanu suka koma kan Zinnira.

"Ai na faɗa," in ji Goggo Adawiyya. "An bar rai a hannun 'yar da hankalinta ke wurin wasa. Ke ko wari ba ki ji? Uwarki ce ta haife ki kuwa?"

Zinnira ta dubi babanta. Shi kuwa ƙasa yake kallo. Ta ce, "Baba, ai na..." amma bai ɗago kai ba.

Sista Keziya ba ta gamsu ba. Ta koma ciki ta durƙusa kusa da katifa.

"Inna, ki gaya mini. Ɗanki ya san da wannan ciwon?"

Daga inda Zinnira take tsaye tana ganin fuskar Inna. Tsohuwar ta dubi ƙofa inda inuwar ɗanta take, ta dubi jikarta, ta lumshe ido.

"Bai sani ba," in ji ta a hankali. "Yarinya ce. Mantuwa."

Aka samo mota aka ɗauki Inna zuwa Gwarzo. Goggo Adawiyya ta shiga baya ta riƙe kanta, Malam Ja'afaru ya shiga gaba. Da Zinnira ta matso da mayafinta, Goggo ta ce, "Ke kuma ina? Wanda kika yi bai isa ba? Koma ki wanke ɗakin."

Matan suka watse suna magana ƙasa-ƙasa. Wata ta ja 'yarta ta ce kada ta ƙara ganinta da Zinnira. Gidan ya rage daga ita sai akuya.

Ta fitar da katifar ta shanya a rana, ta share tokar turare, ta ɗauki ƙunzugun da Sista ta cire, mai alamar shuni a gefe, ta kai bayan turke ta haƙa rami kusa da wanda ta binne ranar Asabar. Tana tura ƙasa tana tuna ranar da ta riƙe labule, da yadda idon babanta ya sauka a kan gyambon kafin ya runtse.

Zinnira ta gane cewa babanta ya ga ciwon Inna sarai, amma ya fi tsoron a ga ƙunzugunsa a kan ya rasa uwarsa, kuma Inna ta san haka, ta zaɓi ta rufa masa asiri da sunan jikarta.