Fiton da ke Ƙirjin Orell

Orell Whitsett ya tsufa yana kaɗa bes a bayan masu ƙaho da ganga, inda ba mai jin numfashinsa. Ranar da ya zo ɗakin ɗaukar sautina a Brooklyn don ya yi faifan jaz shi kaɗai, daga shi sai bes ɗin, ƙaton gogen nan da ya fi shi tsayi, makirfo ya tona masa asiri. Duk inda ya saki tsirkiya tana amo, sai wani siririn fito ya biyo daga ƙirjinsa.

Na kunna masa tef ɗin. Ya saurara, kai a sunkuye.

"Yanke shi, Hosea."

"In na sa reza na yanki tef ɗin a nan, har da wutsiyar sautin zan kwashe. A manne suke."

"Kwashe. Vernice za ta zo da la'asar ta ji."

"Matarka ba ta san da ciwon ba?"

"Daga ni sai likita. Sai kai kuma, da kunnuwan nan naka na zomo."

Na zauna da reza a hannu. In na yanke, na taya shi yaudarar matarsa, na kuma lalata kiɗan da bai taɓa yin kamarsa ba. In na bari, na fallasa sirrin da ba nawa ba. Na gwada wuri ɗaya. Sautin ya mutu kamar an shaƙe shi. Na liƙe na mayar.

Ina cikin haka Vernice ta turo ƙofa tun kafin lokaci, da soyayyen kifi a takarda.

"To, mu ji abin da tsohon nan ya hana ni barci a kansa."

Orell ya zuba mini ido. Ban sami dabara ba, na kunna.

Fiton ya fito, ya sake fitowa. Ta saurara har tef ya ƙare.

"Ashe ka iya," ta ce masa. Sannan ta dubi hannuna. "Wannan rezar fa?"

"Ɗan gyara ne."

"Ajiye ta. Tun bazara nake kwana kusa da fiton nan, ina jira ya buɗe baki ya faɗa mini."

Orell ya jingina da bes ɗinsa. "Vern..."

"Ci kifinka, za mu yi magana a gida." Ta juyo gare ni, muryarta ta yi ƙasa. "Ka bar mini fiton yadda yake, Hosea. Zan buƙace shi ranar da mai shi ba ya nan."