Suruki a Gaban Raga

A shekara ta dubu ɗaya da ɗari huɗu da ɗaya ta Hijira, duk Madina babu wanda ya san harkar 'yan baya a ƙwallon ƙafa kamar Maigandi. Wannan ba abin gardama ba ne. Mutum ne da ya baro Damagaram a ƙafa yana ɗan shekara tara, ya yi shekara shida a hanya, ya binne mahaifiyarsa a Kordofan, ya ƙetare Bahar Maliya cikin jirgin katako ana kwalfe ruwa da ƙwarya. Bai taɓa zama aji ba, har yau da yatsa yake dangwala takarda. Ƙwallo kuwa a Bur Sudan ya koye ta, ba takalmi, a kan tsakuwar da take huda ƙafar jaki.

Shekara goma sha huɗu usur ɗin kulob ɗin Taurarin Jurf yana rataye a wuyansa. Tsarinsa ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba: uku a baya, ɗaya a bayansu yana share abin da ya kuɓuce, sai gola. Abin da ke riƙe da tsarin kuwa baki ne. Gola ya daka wa na ƙarshen nan tsawa, shi ma ya daka wa gola, da suna, da zagi in ta kama. Maigandi yakan ce ɗan bayan da ba ya magana, gara a kafa turmi a wurinsa.

To, a shekarar nan sai na ƙarshen nasu ya samu aiki a Jidda ya tafi. Kati ɗaya tak ya rage musu na rajistar 'yan wasa, ranar Alhamis kuma za a rufe. Ranar Juma'a bayan la'asar za su kara da 'yan Khalidiyya, wanda ya ci shi zai shiga gasar birni. Kwamitin kulob kuma ya riga ya faɗa a fili: in aka sha kashi, Maigandi ya ajiye usur, za a kawo wani koci Bamisire mai takardar shaida.

Ran Talata Maigandi da 'yan kwamiti suka zauna a wani shagon gahawa a unguwar Sultana, ana ta kawo shayi da na'ana'a. Shugaban kwamitin, Sharfuddeen, ɗan shekara talatin da 'yan kai ne, haifaffen nan, mai aikin ofis da farar taub, doguwar rigar Larabawa, wadda ƙura ba ta taɓa hawa ba. Yana jin Hausa sarai, amma rabin amsarsa da Larabci take fitowa.

"Khalilu nake so," in ji Maigandi. "Bakaniken nan na bayan wannan layin. In ya yi ihu a Jurf, ana jin sa a Uhudu."

"Ya ammi, baffana, Khalilu ƙwallo yake bugawa ko taya?" Sharfuddeen ya ce, sauran suka yi dariya. "Ja'afaru za mu rubuta. Ka gan shi da idonka. Daga baya yake ɗaga kai ya ajiye wa mutum ƙwallo a ƙafa, mita arba'in. Kulob biyu suna neman sa."

"Na gan shi tun yana tsotsar yatsa. Ya iya. Amma ba zai tsaya gaban Abdou ba."

"Lesh? Don me?"

"Wa Ja'afaru ya aura bayan sallar layya?"

"Sakinatu."

"'Yar wa?"

Sharfuddeen ya ɗaga kafaɗa. Kowa ya san Sakinatu 'yar fari ce ga Abdou, golan kulob ɗin, ɗan shekara arba'in da biyu, wanda ya tsare ragar tun ranar da aka kafa ta da itacen dabino.

"Surukinsa ne," Maigandi ya ce, yana buga tebur har kofuna suka yi tsalle. "Ba ya kiran sunansa. Ba ya kallon idonsa. In sun haɗu a lungu ɗaya yana sauya hanya. Shi za ka ajiye min taku goma a gaban mutumin, ka ce su riƙa yi wa juna tsawa?"

"Ya ammi, wannan zancen mutanen da ne. Fili fili ne, gida gida ne. Mu a makaranta…"

"Makarantar da ta koya maka ƙwallo ta koya maka mutane? Ni na yi kokawa da kura a hanyar Fashir kafin ubanka ya san hanyar masallaci. In gaya maka abu ka kawo min makaranta?"

"Khalas, mun yi ƙuri'a. Huɗu da ɗaya."

Maigandi ya miƙe bai shanye shayinsa ba. Ya bi ta gaban garejin Khalilu, ya gan shi ƙarƙashin wata tsohuwar mota yana yi wa wani direba faɗa da muryar nan tasa. Ya wuce bai yi sallama ba.

Ran Laraba a wurin motsa jiki ya kira Abdou gefe.

"Za ka iya yi wa yaron nan tsawa?"

Abdou ya sunkuya yana gyara safar hannunsa. "Wane yaro, Yaya?"

"Kai ma ka fara? Ja'afaru."

"Mutanen gidan namu? Ai suna da hankali. Ba sai an yi musu magana ba."

Maigandi ya dube shi har sai da Abdou ya kau da kai. Ya koma wajen Ja'afaru, shi kuma ya ce, "Baba Maigandi, ni zan ce wa Baba ya fito? Da wane bakin?" Ranar nan Maigandi ya hura usur har leɓensa ya fashe. Ya sa aka riƙa jefa ƙwallo tsakanin su biyun, kowane lokaci ɗaya yana ɗauka cikin ladabi, ɗaya yana matsawa. A motsa jiki abin ya yi kyau ƙwarai. Sharfuddeen yana daga inuwa yana tafi.

Juma'a ta zo. Filin ƙasa ne a gefen gonakin dabino, mutane sun kewaye shi, wasu a kan rufin motoci. Minti ashirin na farko Ja'afaru ya yi abin da aka ɗauko shi dominsa, ƙwallo biyu ya aika gaba waɗanda suka sa har 'yan Khalidiyya suka yi salati. Sharfuddeen ya waiwayo ya yi wa Maigandi murmushi. Maigandi ya tofar da yawu.

Daga nan wani ɗan Khalidiyya ya ɗaga wata ƙwallo marar kan gado, ta tashi sama ta nufo tsakanin gola da na ƙarshe. Ƙwallon da ko akuya za ta tare. Abdou ya taho. Ja'afaru ya taho. Suka ga juna. Ja'afaru ya ja birki ya sunkuyar da kai don ya ba Baba hanya. Abdou ya tsaya don kada ya bangaje mijin 'yarsa a bainar jama'a. Babu wanda ya ce uffan. Ƙwallon ta faɗo tsakaninsu, ta yi tsalle ɗaya, wani siririn ɗan gaba ya bi ta tsakiyarsu ya tura ta raga da gwiwa.

Maigandi bai yi ihu ba. Hularsa ya cire ya murɗe ta kamar wanki.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Sharfuddeen ya sauko da gudu, taub ɗinsa a hannu.

"Cire tsohon nan. Abdou ya ƙare, wallahi ya ƙare. Sa ɗan benci."

"Abdou ya ƙare?" Maigandi ya matso har hancinsu ya kusa haɗuwa. "Mutumin da ya tare fanareti da karyayyen yatsa kana cikin masu kallo da alewa a baki? Ba shi ya ci mu ba. Ƙuri'arka ce ta ci mu, huɗu da ɗaya. Kunya ta hana su, kunyar da ka ce ta mutanen da ce. Kai ba ka da ita shi ya sa ba ka gan ta tana zuwa ba."

"To cire Ja'afaru."

"Don gobe ka ce na zubar da katinka? Usur ɗin nan nawa ne har alƙali ya tashi wasa. Koma inuwarka."

Ya juya ga 'yan wasan da ke zaune a ƙasa suna shan ruwa daga tulu.

"Ja'afaru, tashi daga gaban surukinka. Ka tafi tsakiya, bayan 'yan gaba. In na ga ka ƙetaro layin tsakiya ka dawo nan, da wannan takalmin zan kore ka. Ka juya masa baya, ka manta yana duniya."

Yaron ya saki numfashi kamar an sauke masa buhu. "To, Baba."

"Mahmudu."

Mahmudu ɗan gaba ne, direban tasi, mutumin da bai taɓa barin fasinja ya gama magana ba. "Na'am, Kawu."

"Koma baya, kai ne na ƙarshe."

"Ni? Ban taɓa tare kowa ba tun da aka haife ni."

"Ban ce ka tare ba. Baki nake so. Akwai abin da ya haɗa ka da Abdou?"

"Babu, sai dai ya taɓa ce min motata tana warin tumaki."

"Madalla. Ka rama yau."

Aka koma. Minti biyar ba a yi ba aka ji muryar Mahmudu ta cika gonakin dabino. "Abdou, fito mana, tsoho, ko sai an kawo maka sanda?" Abdou ya fito ya cafke ƙwallon a sama yana cewa, "Rufe min baki, mai motar tumaki, ka kula da na hagunka." Maigandi ya mayar da hularsa. 'Yan Khalidiyya suka sake ɗaga irin waccan ƙwallon har sau huɗu, suna zaton ramin yana nan. Duk sau huɗun da zagi aka tare ta.

Can gaba kuwa, Ja'afaru da ya rabu da idon surukinsa sai ya zama wani mutum daban. Yana ihu, yana nuna wa mutane inda za su gudu, har da dungurin wanda ya yi nawa. Ya zura wata ƙwallo ta tsakanin mutum uku, aka farke. Saura minti shida ya sake ɗaga wata daga da'irar tsakiya ta sauka a kan ɗan gefe, aka buga ta shiga. Biyu da ɗaya aka tashi.

Sharfuddeen ya iso cikin mutanensa, fuska a washe, yana faɗa wa kowa, "Shuftu? Kun gani? Ba na ce Ja'afaru ba?" Ya miƙo wa Maigandi hannu.

Maigandi ya dubi hannun bai karɓa ba. "Gasar birni kati nawa ake ƙara mana?"

"Uku."

"Ukun a aljihuna za su kwana. Na farko na Khalilu ne. Sauran biyun kuma, kafin a rubuta sunan kowa, sai na san wa ya aura, wa ya auri 'yarsa, wa ya shayar da shi. In ba haka ba ga usur, ka kai wa Bamisirenka, ya zo ya karanta surukai a takarda."

Sharfuddeen ya waiwaya ya dubi 'yan wasan. Duk suna kallon sa, har da Ja'afaru. "Ɗayyib, ya ammi, na yarda," ya ce.

Abdou ya zo wucewa da safar hannunsa a hammata. Ya tsaya kusa da Maigandi, ya dubi wajen bishiyoyi, ya ce a hankali, "Mutanen gidan namu sun yi ƙoƙari yau."

"Ka je ka gaya masa mana."

"Haba, Yaya."

Abdou ya fita ta gefen gonaki. Ja'afaru ya jira har ya ɓace, sannan ya fita ta gefen titi. Maigandi ya cusa usur ɗinsa cikin riga, ya tari tasin Mahmudu, ya ce a kai shi Sultana, garejin Khalilu.