Kumatun Auta

Mijin Auta ne ya kawo mini wayarta a cikin leda, bayan masu gaisuwar ta'aziyya sun watse. Na zauna bakin gado ina tura hotunan da yatsa. Duk wata farar yarinya ce, fuska sumul kamar tangaran, sanye da kayan Auta, tana murmushin Auta. Ya ce wayar ce ke gyara fuska, Auta ce ta saita ta haka. Na tura har ƙarshe, ban ga 'yata ba.

*

Da cikin fari abin ya fito mata, duhu-duhu a kumatu da saman leɓe, kamar an shafa toka da yatsa. Irin nawa ne sak.

"Ke kika sa mini nawa," na ce mata, "yanzu ga naki ya sa miki."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. A wajen awo an gaya mata ba cuta ba ce. Ciki ne ke tayar da shi, rana ta ƙara masa, wasu kuma gado ne. Aka ce ta riƙa tafiya da laima, sau da yawa yakan dusashe bayan haihuwa.

Nata bai dusashe ba. Tana aiki a teburin karɓar baƙi na wani kamfani. Da ta koma, manaja ya ce mata cikin lalama teburin nan shi ne fuskar kamfani, ya mayar da ita ɗakin ajiya tsakanin kwalaye. Abokan aiki suka sa mata Taswira.

Wata mai gyaran gashi ce ta haɗa mata man shafawa a roba marar rubutu. Da farko ya yi aiki, har aka dawo da ita teburinta. Ta zo tana jujjuya mini fuska a bakin taga. Na ce ni ta dā nake so.

"Inna, ai ba ke kike ba ni aiki ba," in ji ta.

Daga baya duhun ya dawo, ya fi na farko faɗi da baƙi. Ta ƙara man, ta bi jiki duka da shi don launi ya zo ɗaya. Shekaru tana haka, sai ƙafafu suka kumbura. Likita ya tambayi abin da take shafawa, ya juya robar a hannunsa, ya ce ƙoda ce. A asibiti in masu dubiya sun shigo, sai ta ja mayafi ta juya bango.

*

Na kai wayar wurin mai hoto a bakin kasuwa, na roƙe shi ya mayar mata da tabonta. Ya yi dariya.

"Mama, gogewa ake kawo mini. Ba a taɓa cewa in mayar ba."

Da ya dube ni sai ya daina, ya jawo mini kujera. Ya sa hoton a kwamfuta, ya yi ta rage hasken fatar har na ce ya isa. Na matso kusa, don ta fara fitowa. Sai ya tambaye ni ta ina zai fara, na dama ne ya fi girma ko na hagu, kuma ya kai gindin ido ko bai kai ba.

Na yi ƙoƙarin tunawa, na kasa. Ni na goge fuskar nan da tsumma mai ɗumi har ranar ƙarshe. Na taɓa kumatuna, na dama, sannan na hagu.

Ya ce in yi a hankali, ba ya sauri. 'Yar kibiyar kwamfutar tana tsaye a kan kuncinta, tana jira.