Tagar da Ba Ta Cikin Zane

Tun da Mai Awo ya yi ritaya daga ofishin safiyo, gidan bai ƙara samun sakat ba. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana auna filayen jama'a, aka dawo da shi gida da tef ɗinsa da ƙoshin lafiyarsa, ai dole wani abu ya sha awo. Ya auna tsakar gida, ya auna gareji, har ya gano ƙofar banɗaki ta karkace da rabin inci. Da abin aunawa ya ƙare sai ya leƙa kicin, wurin da rabonsa da shi tun ranar da suka tare, ya fito yana girgiza kai. Wai abin kunya ne a ce matar ma'aikacin safiyo tana girki a wuri mara tsari.

Matarsa, Maman Tagwaye, ta ce duk yadda ya gani. Haka ta saba cewa, kuma yawanci zancen yakan mutu da kansa. Wannan karon bai mutu ba.

Sati guda cur ya kafa kujera a ƙofar kicin, da littafi a cinya da agogo a hannu, yana ƙirga takunta. Daga murhu zuwa famfo taku shida. Daga famfo zuwa firji taku tara, da ɗan kewaye saboda buhu. Ya sa ta fito da duk tukwane da kuloli da kwanuka, ya auna bakin kowanne ya ba shi lamba. A ƙarshen sati ya kira tagwayen a waya, ko da yake kowannensu yana can wani gari da iyalinsa, ya karanta musu sakamakon bincike. Ya ce babbar matsalar kicin ɗin taga ce. Mahaifiyarsu tana ɓata kusan awa biyu kullum a gabanta, abin da ya rubuta a littafi da sunan tsayuwa mara dalili. In aka toshe ta da bulo, bangon zai ɗauki doguwar kabad daga ƙasa har silin, kowace tukunya ta samu ɗakinta, iska kuma fanka za ta kawo. Tagwayen suka yaba, suka yi ta turo hotunan kicin na mutanen da da gani ba sa girki. Babu wanda ya ce a miƙa wa mai kicin ɗin wayar.

Ita kuwa tagar nan, da za a tambaye ta, ta fi mata murhun. Tana kallon tagar kicin ɗin gidan baya, tsakaninsu bai fi miƙa hannu ba, kuma a can Sista take, tsohuwar nas da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse. Shekara ashirin da shida kenan kowace safiya Sista tana yaye labulenta, su gaisa, kowacce ta san ɗayar ta tashi lafiya. Ta nan gishiri yake wucewa, da ashana, da labarin unguwa, da faɗa in ta kama. Ta nan Sista ta duba ƙurjin tagwaye suna jarirai. Ta nan Maman Tagwaye ta riƙe mata hannu safiyar da aka dawo daga asibiti babu mijin Sista. Ba su taɓa shiga gidan juna ba, don ƙofofinsu a layi dabam suke, sai an zagaye unguwa. Ko lambar wayar juna ba su da ita. Me za su yi da ita?

Ta so ta faɗa masa haka, amma ta rasa yadda ake sa irin wannan magana a cikin littafin da aka ja wa layi da rula. Ta ce dai kicin yana son haske. Ya ce ya tanadi ƙwan lantarki huɗu.

Mai Awo mutum ne mai bin ƙa'ida, ba ya gini sai an yi gwaji. Ranar da ta tafi kasuwa ya samo kwalin firji, ya yanka shi daidai da tagar, ya manne shi da salatif ta kowace kusurwa, ya rubuta masa "Kabad Na Ɗaya" da jan biro. Ya ce kwana uku za a yi a haka kafin magini ya zo, don a ga takun da aka rage.

Takun ya ragu, ba ƙarya. Girki yana ƙarewa da wuri, sai ta fito ta zauna a falo tana kallonsa, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa. Safiya ta farko ta ji ƙarar zoben labule a can bayan kwali, ta ji shiru, sannan ta ji an mayar da labulen. Ta buɗe baki za ta yi magana ta cikin kwalin, sai ta ga maigidan a ƙofa da agogonsa, kunya ta kama ta. Ta ce a ranta da rana za ta zagaya. Da rana ta yi, ta rasa me za ta je ta ce. Ta ce wa mace an rufe ki ne don tukwane su samu wurin kwana?

A kwana na uku aka yi sallama a ƙofar gida. Sista ce, ta sha kwalliya kamar mai zuwa ganin likita, da 'yar leda a hannu. Maman Tagwaye ba ta taɓa ganinta daga ƙugu zuwa ƙasa ba. Ashe da sanda take tafiya.

Aka kai ta falo, aka kawo ruwa a tire. Matan nan biyu da suka san ciwon juna da sirrin juna suka zauna suna tambayar gajiya da mutanen gida, suna maimaitawa, kamar surukai a haɗuwar farko. Da gaisuwa ta ƙare Sista ta buɗe ledarta, ta fito da ludayi ɗaya da rariya da murfin kwano, ta jera su a kan tebur.

"Kayanku ne da suka kwana biyu a wajena," in ji ta. "Na ga an rufe, na ce kada su yi nisa. In wani abu na yi, Maman Tagwaye, ki yafe ni."

Maman Tagwaye ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta miƙe ta nufi kicin. Tunda an dawo mata da nata, ai ba ta da fuskar riƙe na mutane. Ta fito da babbar tukunya ta ajiye a falo. Ta koma ta fito da mai bi mata. Ta kawo kuloli uku, da injin markaɗe, da farantan baƙi, da tukunyar da ake kira lamba bakwai. Tun rasuwar mijin Sista kayan suke tsallakowa ɗaya bayan ɗaya, don mai girkin mutum ɗaya ba ta da abin yi da su, kuma ba a taɓa cewa aro ne ko kyauta ba.

Mai Awo yana tsaye da littafinsa yana bin lambobi da ido. Abin da ya rage a kicin, tukwane huɗu ne da buta da turmi, duk ƙasan famfo zai ɗauke su. Kabad Na Ɗaya, daga ƙasa har silin, ashe don kayan makwabta aka zana ta. Ya yi gyaran murya, ya fara bayani a kan amfanin fanka. Babu wadda ta dube shi. Ƙarshenta shi ya yi sawu biyar da mota yana kai tukwane layin baya, ya dawo ya ce in da ƙafa ne nisan ya kai taku ɗari takwas da goma sha biyu.

Yana shigowa ya tarar ta yage kwalin, ta naɗe shi ta jingine a ƙofar ɗakinsa.

"Baban Tagwaye," ta ce, "ka sa tayil, ka sa ƙwai goma in kana so. Amma ranar da aka ɗora bulo a tagar nan, kai za ka dinga girki a ciki."

Tun da suke bai taɓa jin ta ce wani abu ban da duk yadda ka gani ba. Ya buɗe littafi, ya rufe. Da yamma aka ji shi a waya yana shaida wa tagwayen cewa bincikensa ya nuna kicin yana bukatar iskar Allah.

Sai dai cire kwali bai gyara komai ba. Washegari ta shiga kicin tun da sassafe, ta tsaya a taga. Labulen Sista a rufe yake. Ta ɗora ruwa, ya tafasa, ta sauke. Ta goge wurin da ta riga ta goge. Tsoro ya kama ta sosai, ta rasa wanne ya fi, fushin ko sandar nan da ta gani jiya. Mai Awo ya zo da kujerarsa kamar kullum, ya dubi bayanta, ya dubi agogo, ya sa agogon a aljihu.

Rana ta ɗaga kafin zoben labule ya yi ƙara. Ba a yaye shi duka ba, gefe kawai aka ɗaga, hannu ya fito riƙe da ƙaramin kofi.

"Ko kina da gishiri?"

Shekara goma kenan da likita ya hana Sista cin gishiri, kuma Maman Tagwaye ta fi kowa sani. Ta karɓi kofin, ta cika shi har baki.