Takardar Damata

"An taɓa gwada bayan gidanta?" likita ya tambaya, hannunsa na danna cikin Damata ƙarƙashin haƙarƙarin dama.

Lamnatu, 'yar Damata, ta yi wuf ta zaro takarda daga jaka. "Ga shi, likita. Wata biyu ke nan 'yan duba-gari suka gwada duk masu abincin kasuwa. Mma ba ta da komai."

Sikena na tsaye a ƙafar gado. Shekara goma sha ɗaya teburinta na koko yana manne da na Damata mai shinkafa da wake a bakin tashar Tamale, gida ma katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ta san takardar nan sarai, don bayan gidan da aka gwada nata ne.

Haka mata da yawa ke yi a layin. Wadda ke zargin cikinta sai ta nemi mai lafiya ta zuba mata a kwalba, don in aka ga tsutsa, an rufe tebur sai an gama magani. Damata kuwa ta daɗe tana atuni, tana shan saiwoyi.

"Ke dai taimake ni, ƙanwata," ta ce wa Sikena ranar gwajin tana dariya. "Cikinki ai na jaki ne, ko dutse kika ci zai narke. Sati biyu ba tebur, masu abincin unguwar Lamashegu sun kwashe min mutane."

Likita ya duba hatimi ya gyaɗa kai, ya ce to a nemi taifot da maleriya. Sikena ta buɗe baki, Damata ta zuba mata ido daga kan filo, ta girgiza kai kaɗan. Sai Sikena ta haɗiye maganar. Tsoro ne ya kama ta, ba wani abu ba, tsoron tonon asiri da na rasa nata teburin.

Kwana huɗu ana ƙarin ruwa, zazzaɓi bai sauka ba. Sikena ta kasa cin abinci, koko ma sau biyu yana kama mata a tukunya. Rana ta biyar ta tare likita a baranda.

"Likita, takardar nan... ba nata aka gwada ba."

Ya tsaya yana kallonta. "Sai yau, Mma? Sai yau?"

Hoto ya nuna ƙwayoyin atunin sun haura hanta sun tara ruwan ciwo, har ya fashe. Damata ta cika ranar Laraba da hantsi, kafin a shiga da ita tiyata.

Bayan addu'ar bakwai Lamnatu ta ɗora tukunyar uwarta, don akwai ƙanne uku a gida. Da safe ta raɓo teburin Sikena, ta rage murya.

"Inna Sikena, duba-gari sun ce sai na yi tawa takardar. Ni ma cikina kwana biyun nan... Mma ta ce ke ce mai taimaka mata."

Ludayi ya suɓuce wa Sikena cikin koko.

"Rufe tukunyarki, Lamnatu. Ɗauko mayafi mu tafi asibiti yanzu. Naki za ki kai."

"Yanzu? Inna, dubi mutane fa."

Sikena ta waiwaya. Layin teburin Lamnatu ya riga ya kai bakin kwata, wata mata a gaba ta miƙo kwano, da goyo a bayanta yana lasar yatsa.