Mai Jefa wa Mikiya Kifi

Da wuya ka shiga gida a garin nan na bakin kogin Mississippi ka rasa hoton mikiya mai farin kai a bango, ta miƙo farata za ta cafki kifi. Gidan Wendell Kuhlman ne kaɗai babu, alhali kusan duk kifin da ke cikin hotunan daga hannunsa ya fita.

Idan hunturu ya kankama kogin ya daskare, ƙasan madatsar ruwan garin ne kawai ruwa ke gudu, sai mikiyoyi su gangaro daga arewa su cika itatuwan tsallake. Tsofaffin gari kuma su cika dandamalin katako da ke bakin ruwa, kowa da kyamara mai baki kamar taɓarya. Mikiya kuwa ba ruwanta da mai jira, tana iya wuni a reshe ko motsi babu. Dole sai an jefa mata kifi, kuma jifan ba na kowa ba ne. Sai an narkar da ƙanƙarar jikin kifin, an soka masa allura an hura masa iska don kada ya nutse, sannan a wurga shi can nesa. Allah ya ba Wendell hannu, kuma tun ranar da ya yi wautar nuna shi bokitin kifi ya zama nasa. Mai jifa ba ya ɗaukar hoto, kafin ya goge ƙarni daga hannu mikiya ta kai tsallake.

Bana kuma ita ce ta ƙarshe. 'Yarsa ta sayar da gidan, ta gyara masa ɗaki a Arizona, inda ƙanƙara sai a firji. Abu ɗaya yake so ya tafi da shi, hoton mikiya wanda shi ya ɗauka da yatsansa. Ga ƙanƙarar kogin har ta fara tsagewa, idan ta narke tsuntsayen sun tafi ke nan.

Ran Asabar ya dire bokitin a gaban Duane Tiedemann, ƙanin marigayiya matarsa, wanda ya fi kowa tsadar kyamara da yawan magana.

"Duane, yau fa ni zan ɗauka."

"Sosai ma, suruki. Jefa ɗaya kawai tukuna, hasken nan ba ya jira."

"Haka ka ce makon jiya."

"To ai makon jiyan ma bai jira ba."

Aka kwashe da dariya. Ran Wendell ya ɓaci ƙwarai, amma shi irin mutanen nan ne da idan suka fusata sai ladabi ya ƙaru. Ya tsuguna ya hura wa kifi iska a tsanake, ya miƙe ya lashi yatsa ya ɗaga sama. Mikiya iska take fuskanta idan za ta sauka, wannan kowa a wurin ya sani. Sai ya wurga kifin ta ɓangaren da iskar ke fitowa.

"Kifi!" ya daka kira, don masu kyamara su shirya.

Kyamarori suka ɗauki ƙara, tatatata. Mikiya ta wuce ta kansu ta sauka da kyau, ta ba su baya. Da aka duba, kowa wutsiya ya samu, fara fes.

"Ashsha," in ji Wendell. "Hannun ne, tsufa."

Na biyu bai hura masa iska ba. Kifin ya yi tsulum ya nutse, mikiya ta kewaya sau ɗaya ta koma reshenta tana hararar jama'a. A karo na uku ya daka kiran kifi bai jefa komai ba, kowa ya manna ido a kyamara ya riƙe numfashi. Da suka gaji suka ɗago, suka tarar da shi zaune a kan bokitin yana tsoma biredi a kofi.

"Wendell, wannan ai mugunta ce," in ji Duane. "Yatsuna sun ƙage."

"Sa su a hammata, ƙanina. Ba sauri nake ba, sai bazara zan tashi."

Marlys Fenske, wadda ta tsufa tana tuƙa motar 'yan makaranta, ba ta da haƙurin gardamar maza. Ta sauke mayafin wuya daga bakinta.

"Duane, ka ba bawan Allahn nan kyamara, ko kuwa kai zan hura wa iska in jefa."

Duane ya matsa kamar an raba shi da ɗansa. Ya yi ta bayani, kada a taɓa wannan, kada a murɗa wancan.

"Da kanta kyamarar take neman ido ta daidaita hoton a kansa, suruki. Kai dai danna kawai, ko jariri zai iya."

"Kai kuma jefa kawai. Ko jariri zai iya."

Wendell ya sunkuya ya sa ido a kyamarar. Duane ya zaro kifi, bai cire safar hannu ba don ƙyanƙyami. Ya ja baya, ya kaɗa hannu, ya saki ihu tun kafin jifan. Kifin ya sulluɓe daga safar, ya yi sama, ya faɗo tim a kan ƙanƙarar gindin dandamalin, kusa da takalminsa.

To, an riga an yaudari tsuntsuwar har ta gaji, ga yunwa. Ta baro reshe ta yo kansu kai tsaye, ƙasa-ƙasa, fukafukai a buɗe kamar ƙyauren gareji. Wendell ya juyo da kyamarar yana binta, ya danne yatsa bai ɗaga ba. Duane ya ga farata dab da hularsa, ya ƙwala kiran uwarsa da ta daɗe a kabari, ya zube a katako. Mikiya ta suri kifinta ta yi gaba.

Aka taru a kan Wendell ana leƙe. Kyamarar ta nemi ido, ta kuma samu. Ga Duane tangaran, baki a wangame, idanu waje, har gashin hancinsa ana gani. Sama da kansa kuma wani duhu-duhu mai fukafukai, da ɗan fari inda kan ya kamata ya kasance. Marlys ta yi dariya har ta zauna a dusar ƙanƙara.

Wendell ya daɗe yana kallo. Ba wannan ya yi ta mafarki ba, kuma ya ji zafin hakan. Amma da ya ƙara duba fuskar nan sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Goge shi," in ji Duane, yana kakkaɓe gwiwa. "Don Allah, suruki. Akwai sauran kifi, in sake jefa maka."

"Da wannan hannun? Ka rufa wa kifin asiri. Wannan zan kai Arizona, babba zan wanke, in rataye a falo."

"Ai mikiyar ma ba ta fito ba!"

"Akwai mikiya a kowace kalanda. Kai ne ba za a samu a can ba."

Duane ya juya ya fuskanci kogin, ya fyace hanci ya daɗe yana gogewa, yana zagin sanyi.

"To baɗi fa?" ya ce, bai juyo ba. "Wa zai riƙa jefa mana?"

Wendell ya tura masa bokitin da ƙafa.

"Cire safar nan, Duane. Zo in nuna maka inda ake riƙewa."